JAM'IYYA ƊAYA, JERI ƊAYA: ZAƁEN DA BABU ZAƁI

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana kewaya Abuja, takan lafa ta sake tashi, kuma duk sa'ad da ta tashi daga bakin masu riƙe da mulki take fitowa. Maganar kuwa ita ce wai jam'iyya guda ta isa ta riƙe Nijeriya, sauran su kakkaɓe riga su shigo inuwa kowa ya huta. A shekarar 2008 Cif Vincent Ogbulafor, shugaban PDP na wancan lokaci, ya bugi ƙirji ya ce jam'iyyarsa za ta shekara 60 tana mulkin ƙasar nan. Bayan shekara bakwai aka kayar da ita. A watan Mayu na 2025 kuma Dakta Abdullahi Umar Ganduje, sa'ad da yake shugaban APC, ya fito daga Fadar Shugaban Ƙasa bayan ya raka sanatoci uku na Jihar Kebbi masu sauya sheƙa, ya shaida wa 'yan jarida cewa shi bai ga aibu ba in duk jam'iyyu suka narke cikin guda, har ya kafa hujja da ƙasar Sin. Gaskiya ne Shugaba Bola Tinubu ya tsaya gaban Majalisar Tarayya ran 12 ga watan Yuni, 2025, ya ce ba shi da niyyar mai da ƙasar ta jam'iyya ɗaya. Mun ji, mun kuma rubuta mun ajiye.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne ya fara samun kunnuwa a cikin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi. In ka zauna a majalisa da yamma, a Agege ko Sabon Badun ko Ama Hausa ta Owerri, ba za ka rasa mai cewa gara hakan ba, ko ba komai a daina rigimar zaɓe, baƙo ya samu ya yi kasuwancinsa lafiya. To, ɗan'uwa, ba sai an yi duba ba kafin a san inda wannan hanya take ɓullewa. An bi ta a maƙwabta, ƙetaren iyakar Seme kawai, kuma akwai dattawan da suka gani da idonsu suna nan da rai.

YADDA AKE YIN SA

An san wannan irin zaɓe sosai a ƙasashen gurguzu. A Tarayyar Sobiyet, tun daga zaɓen watan Disamba na 1937, kowace kujera ta majalisar ƙoli ɗan takara ɗaya ake tsayar mata, wanda Jam'iyyar Kwaminis ta amince da shi. A Jamus ta Gabas kuwa jeri guda na sunaye ake bugawa a takarda, an riga an raba kujeru tun kafin ranar zaɓe. Mai jefa ƙuri'a zai karɓi takarda, in ya yarda ba sai ya rubuta komai ba, ya naɗe ta ya jefa a akwati a gaban jami'ai. In kuwa bai yarda ba, dole ya ratsa ya shiga ɗan ɗakin sirri ya soke sunayen da alƙalami. Watau shiga ɗakin kaɗai ya isa ya tona shi, alhali gidan da yake ciki na gwamnati ne, aikin da yake yi na gwamnati ne, gurbin ɗansa a jami'a ma a hannun gwamnati yake. Wa zai ratsa? Saboda haka duk zaɓe sai a ji kashi 99 cikin 100 sun ce I.

Mai karatu ya lura da abu guda. A wannan tsari akwai akwati, akwai layi, akwai rediyo mai sanar da sakamako, har da kiɗa da tuta. Abin da aka cire ɗaya ne tak, shi ne ikon talaka na ya ƙi wannan ya ɗauki wancan. Da zarar an cire shi, zaɓen na ainihi ya koma cikin ɗakin da ake rubuta jerin sunayen, kuma wanda ya shiga jerin ya san sarai wa ya sa shi, ya san kuma wa zai yi wa biyayya.

ABIN DA YA FARU A KWATANO

Ran 26 ga watan Oktoba, 1972, Manjo Mathieu Kerekou ya ƙwaci mulki a Dahomi. Ran 30 ga watan Nuwamba, 1974, ya yi shelar cewa ƙasar ta rungumi aƙidar Markis da Lenin, bayan shekara guda kuma aka sauya mata suna zuwa Jumhuriyar Jama'ar Benin, aka kafa jam'iyya ɗaya tilo mai suna PRPB. Ran 20 ga watan Nuwamba, 1979, watau makonni kaɗan bayan Alhaji Shehu Shagari ya kama mulki a nan gida sakamakon takarar jam'iyyu biyar, aka kira mutanen Benin su zaɓi majalisa. Jeri ɗaya aka miƙa musu mai sunaye 336, waɗanda aka ce wakilan manoma ne da ma'aikata da sojoji da sauran rukunonin jama'a, aka kuma laƙaba musu sunan kwamishinonin jama'a. Ƙasar baki ɗaya mazaɓa guda ce. Bahaushen zangon Kwatano ko na Faraku ko na Jugu ba shi da halin ya ce wannan na sani, wancan ban yarda da shi ba. Ko ya haɗiye jerin duka, ko ya tofar da shi duka. Aka ce sama da kashi 97 cikin 100 sun amince. A watan Fabrairu na 1980 majalisar ta zauna ta zaɓi shugaban ƙasa, wanda kowa ya san ko wane ne tun ba a zauna ba.

Aka maimaita a 1984 da sunaye 196, aka sake a watan Yuni na 1989 da sunaye 206, aka ce kusan kashi 90 cikin 100 sun amince. To, a daidai wannan lokaci bankunan gwamnati sun durƙushe, kuɗin masu ajiya sun maƙale, ma'aikata sun yi watanni ba albashi, malaman makaranta da ɗalibai suna yajin aiki. Ina kwamishinonin jama'a suke duk shekarun da ake wawure bankunan? Suna nan zaune a majalisa suna tafi. Ba wanda zai miƙe ya tambayi inda kuɗi suka shiga, domin wanda zai tambaya shi ne mai riƙe da alƙalamin da ke rubuta jeri na gaba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata shida bayan wancan zaɓe, a watan Disamba na 1989, jam'iyyar da kanta ta yar da aƙidar gurguzu. Daga ran 19 zuwa 28 ga watan Fabrairu, 1990, aka yi Babban Taron Ƙasa a Kwatano ƙarƙashin jagorancin limamin Katolika Isidore de Souza, taron ya karɓe iko ya naɗa Nicephore Soglo firayim minista. A watan Maris na 1991 aka yi zaɓe na gaskiya mai 'yan takara da yawa, Soglo ya kayar da Kerekou da kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Ina kashi 90 ɗin nan suka shiga cikin ƙasa da shekara biyu? Ba su shiga ko'ina ba, domin tun farko babu su.

Abin mamaki kuma, Kerekou ɗin nan da aka kayar ya sake tsayawa a 1996 ya ci, ya kuma ci a 2001, ya sauka a 2006. Ashe hamayya ba ta kashe shi ba. Ita ce ma ta wanke shi ta dawo da shi da mutuncin da jeri ɗaya bai taɓa ba shi ba.

YAMAI DA ANKARA

Kada wani ya ce ai wannan ciwon 'yan gurguzu ne kaɗai. 'Yan'uwanmu na Nijar sun sha irinsa ba tare da jar tuta ba. A 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, daga nan zaɓen 1965 da na 1970 duk jeri ɗaya ne na jam'iyyar PPN-RDA ta Shugaba Diori Hamani. Da fari ya auka wa ƙasar, talakawa suna mutuwa dabbobi suna ƙarewa, babu wata murya a majalisa da za ta tilasta wa gwamnati ta farka, sai bindiga ce ta yi magana ran 15 ga watan Afrilu, 1974, lokacin da Seyni Kountche ya kifar da gwamnatin. Ran 10 ga watan Disamba, 1989, aka sake gwadawa: jeri ɗaya na jam'iyyar MNSD mai sunaye 93, Janar Ali Saibou kuma shi kaɗai a takarar shugaban ƙasa, sakamako sama da kashi 99 cikin 100. Bayan wata biyu, ran 9 ga watan Fabrairu, 1990, aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy da ke Yamai. A 1991 aka yi Babban Taron Ƙasa, a 1993 kuma Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram, ya kayar da ɗan takarar MNSD.

A Gana ma haka. Ƙuri'ar raba gardama ta 1964 ta mai da CPP jam'iyya tilo da sama da kashi 99 cikin 100. A 1965 ba a ma wahalar da kowa da layi ba, aka bayyana 'yan takara 198 sun ci babu hamayya. Ran 24 ga watan Fabrairu, 1966, Kwame Nkrumah yana kan tafiya a ƙasar Sin aka hamɓare shi, mutanen da aka ce sun ba shi kashi 99 suka cika titunan Ankara suna murna.

Darasin a fili yake. Zaɓe madubi ne da mai mulki ke duba fuskarsa. Wanda ya shafe madubinsa da fenti ya zana kyakkyawar fuska a kai ya yaudari kansa kafin ya yaudari kowa. A Polan, ran 4 ga watan Yuni, 1989, da aka bar mutane suka soke sunaye ba tsoro, cikin manyan gwamnati 35 da aka jera a jerin ƙasa biyu kaɗai suka tsira, ƙungiyar ma'aikata ta Solidarity kuma ta lashe kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa. A Jamus ta Gabas an sanar da kashi 98.85 a zaɓen ƙananan hukumomi na 7 ga watan Mayu, 1989. Wata shida bayan haka bangon Balin ya faɗi.

HUJJAR ƘASAR SIN

Masu wannan ra'ayi sukan ce, to ga Sin nan, jam'iyya ɗaya ce, dubi inda ta kai. Muna da tambaya. Jam'iyyar da ke mulkin Sin a shekarun arzikinta ba ita ce ke mulki tsakanin 1959 da 1961 ba, lokacin da yunwa ta kashe mutane sama da miliyan 15 a ƙiyasi mafi sauƙi? Ita ce. Kuma abin da ya ƙara wa yunwar muni shi ne jami'an ƙauyuka sun riƙa aika wa na sama da ƙididdigar amfanin gona ta ƙarya don tsoro, gwamnati ta riƙa kwasar hatsi bisa ƙididdigar, babu jarida ko ɗan majalisa da zai ce ƙarya ne. Arzikin Sin ya faro ne daga 1978, sa'ad da Deng Xiaoping ya saki mara wa manoma da 'yan kasuwa. Wanda ya ɗauko mana Sin ya ɗauko ta duka. Kana ya gaya mana dalilin da ya sa Benin da Habashar Mengistu, waɗanda su ma jam'iyya ɗaya suka yi, ba su zama Sin ba. In kura tana maganin zawo, ta yi wa kanta.

MU MA MUN ƊANƊANA

A nan gida ba mu taɓa yin dokar jam'iyya ɗaya ba, amma mun sha leƙa bakin rijiyar. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon cusa mutanenta a mataki na ƙarshe, ko ɗan NEPU ɗaya bai kai majalisar Kaduna ba. A zaɓen Jihar Yamma na watan Oktoba, 1965, jami'an zaɓe suka riƙa ɓacewa don kada su karɓi takardun 'yan hamayya, aka bayyana 'yan takarar NNDP ta Cif Akintola da dama sun ci babu abokin karawa. Dattawan Badun da Shagamu sun san irin ƙone-ƙonen da suka biyo baya, sun kuma san abin da ya faru ran 15 ga watan Janairu, 1966.

A Abuja kanta, a watan Maris na 1998, aka yi gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu don roƙon Janar Sani Abacha ya zarce. Cikin watan Afrilu jam'iyyu biyar na lokacin, UNCP da DPN da CNC da NCPN da GDM, waɗanda Cif Bola Ige ya kira yatsu biyar na hannun kuturu, duk suka tsayar da shi ɗan takararsu. Ran 25 ga watan aka yi zaɓen majalisar tarayya, jama'a suka ƙaurace wa rumfuna. Abacha ya rasu ran 8 ga watan Yuni, aka rushe jam'iyyun, waɗanda aka ce sun ci kuwa ko yini ɗaya ba su zauna a majalisa ba. Jam'iyya biyar a takarda, jeri ɗaya a aikace.

Wannan fasali bai mutu ba, ya koma ƙananan hukumomi ne ya yi ɗaki. Dubi zaɓukan da hukumomin zaɓe na jihohi suka shirya. A 2024 PDP ta cinye duka 33 na Oyo, APGA ta cinye duka 21 na Anambra, APC ta cinye duka 23 na Kaduna, NNPP ta cinye duka 44 na Kano. A watan Yuli na 2025 APC ta cinye shugabanni 57 na Ikko. Jam'iyyu huɗu daban-daban, hali ɗaya: jam'iyyar gwamna ita ce mai jeri. Sai ka kwatanta da Abuja, inda hukumar zaɓe ta ƙasa ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida. A watan Fabrairu na 2022 PDP ta ɗauki Birni da Kewaye da Bwari da Kuje, APC ta ɗauki Gwagwalada da Kwali da Abaji. Shin mutanen Abuja wata halitta ce dabam? Bambancin kawai shi ne alƙalin wasan ba yaron mai ƙwallo ba ne.

Ƙara da wannan, ga salon ɗan takarar maslaha, wanda dokar zaɓe ta 2022 ta halatta bisa sharaɗin sauran masu nema su sa hannu sun janye da son ransu, amma kowa ya san yadda ake samo sa hannun. Ga kuma sauya sheƙa, wadda ta kwashi gwamnoni biyar daga PDP zuwa APC a 2013, ta kuma kwashi na Delta da Akwa Ibom da Inugu da Bayelsa a 2025, alhali ƙuri'ar da ta kai su kujera ba a tambaye ta ba. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta dare. To, yau duk mai son tafiya sai ya gano darewar da babu mai ganinta sai shi.

INA RUWAN BAƘO?

Ruwansa ya fi na kowa. Ɗan gari yana da sarkinsa, yana da danginsa a sakatariya, yana da ɗan ajinsu a ofishin gwamna. Ko an rubuta jeri a ɗaki, akwai mai tuna sunan unguwarsu. Mai goro na Shagamu, da mai albasa na Mile 12, da mai rago na Alaba, da dillalin shanu na Lokpanta, da ɗan acaɓan Idi-Araba, me suke da shi? Ƙuri'arsu ce kaɗai, ita kuwa ƙuri'a kamar haja take, ba ta daraja sai masu saye sun kai biyu. Ranar da ɗan takara ya tabbata zai ci ko ka fito ko ba ka fito ba, ranar ce ƙafarsa za ta ɗauke daga fadar Sarkin Hausawa.

Ku tuna waɗanda ke yanka harajin kasuwa, da masu raba rumfuna, da masu sa hannu a tashi mayanka ko a rushe zango. Ku tuna dokar hana acaɓa a wasu sassan Ikko a 2020 da 2022, da ƙonewar kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021. A irin waɗannan ranaku abin da baƙo ke bukata shi ne kansila ko ciyaman ko ɗan majalisa mai tsoron rasa ƙuri'ar Sabo. Kada ku raina yawanku. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu a duk Jihar Ikko ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba, abin da unguwa guda ta 'yan Arewa za ta iya cikewa. Cikin shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama Magajin Garin Inugu na farko. Akwati ne ya kai shi. Wane kwamiti ne zai zauna a ɗaki ya rubuta sunan baƙo a saman jeri?

Masu cewa jam'iyya ɗaya tana kawo zaman lafiya su sake duba shekarun da muka lissafa: 1966 a Gana da Nijeriya, 1974 a Nijar, 1989 a Benin. Fushin da aka hana shi fita ta akwati yakan nemi wata ƙofa, in kuma ya fito kan titi rumfar baƙo ce a bakin hanya.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa. Wanda katinsa na zaɓe ke Ɗambatta ko Illela alhali ya shekara 20 a Fatakwal, ya nemi a mayar masa da shi inda yake kwana yake biyan haraji, doka ta ba shi dama. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su daina sayar da ƙuri'ar jama'arsu a dunƙule tun ba a taya ba. Su buɗe ƙofa kowane ɗan takara ya zo ya faɗi abin da zai yi. A fito zaɓen kansila kamar yadda ake fitowa na shugaban ƙasa. A matsa wa 'yan majalisar da ke Abuja su gyara tsarin mulki don a fitar da zaɓen ƙananan hukumomi daga aljihun gwamnoni. Duk wanda ya zo muku da zancen a haɗu a inuwa ɗaya, ko da daga jam'iyyar da kuke ƙauna ya fito, ku tambaye shi wa zai riƙe alƙalamin rubuta jerin, kuma in ya rubuta ba daidai ba, ta wace hanya za a karɓe alƙalamin daga hannunsa.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na Kwatano ya kama, na Yamai ya kama, na Ankara ya kama, duk muna gani. Allah Ya ba mu ikon ɗaukar darasi.